Tarihin Awon Faifai: Daga Minti Zuwa Gigabayit

Duk wanda ya taɓa sayen faifan DVD ya ga an rubuta 4.7 GB a jikinsa, amma idan ya sa shi a kwamfuta sai ta nuna masa 4.38 GB. Mutane da dama sun ɗauka tauye musu mudu aka yi, alhali ko bayit ɗaya bai ɓace ba. Tushen wannan saɓani yana cikin tarihin faifan kansa, domin ma'aunai biyu ne suka haɗu a kansa suna amsa suna ɗaya.

A shekarar 1980 ne kamfanin Philips na ƙasar Holan da kamfanin Sony na Japan suka amince da ƙa'idojin faifan CD a wani kundi da ake kira Jan Littafi, kuma a watan Oktoba na 1982 aka fara sayar da shi a Japan. Don kiɗa da waƙa aka ƙera shi, shi ya sa aka auna shi da minti: faɗinsa santimita 12, yana ɗaukar minti 74. Na'ura tana auna sautin sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo yana cin bayit 2, kuma ana yin hakan ga amon dama da na hagu. Ke nan sakan ɗaya na waƙa yana cin bayit 176,400. An raba kowane sakan gida 75, kowane gida yana da bayit 2,352. Minti 74 sakan 4,440 ne, don haka faifan yana da gida 333,000, wato bayit 783,216,000.

A tsakiyar shekarun 1980 aka fara amfani da faifan wajen adana bayanan kwamfuta, da sunan CD-ROM. A nan buƙata ta sauya. Ƙaramin kuskure a cikin waƙa yakan wuce ba tare da kunne ya ji ba, amma bayit ɗaya da ya gurɓata yana iya lalata manhaja gaba ɗaya. Saboda haka aka ware bayit 304 daga kowane gida domin adireshinsa da gyaran kuskure, aka bar 2,048 ga bayanai. Idan aka ninka 333,000 da 2,048 za a sami bayit 681,984,000. Faifai ɗaya ne, amma abin da yake ɗauka ya ragu da bayit sama da miliyan 100.

Duk da haka, 650 MB aka rubuta a jikinsa. Dalili shi ne kwamfuta da biyu-biyu take ƙirga, kuma idan aka ninka 2 da kanta har sau goma ana samun 1,024. Da yake wannan adadi yana kusa da 1,000, sai injiniyoyi suka ari kalmar kilo suka laƙaba masa, suka kuma kira 1,048,576 mega. Raba 681,984,000 da 1,048,576 shi ke ba da 650. Faifai mai minti 80 kuwa yana da gida 360,000, wato bayit 737,280,000, wanda ya kama megabayit 703, ake sayar da shi da sunan 700 MB. Awon minti bai gushe ba: faifan VCD, wanda ya fito a 1993 kuma ya daɗe yana ɗauke da finafinan Hausa a kasuwanni, bai wuce ɗaukar kimanin minti 80 ba, don haka fim mai tsawo sai an raba shi a faifai biyu.

Da aka daidaita ƙa'idojin DVD a 1995, aka fara sayar da shi a Japan a ƙarshen 1996, masu ƙera shi sun koma ga ma'anar asali, irin wadda ke cikin kilomita da kilogiram. A wurinsu giga biliyan ɗaya ne cif. Kwamfuta kuwa ta ci gaba da ɗaukar giga a matsayin 1,073,741,824. Bayit biliyan 4.7 idan aka raba su da wannan adadi sai su koma 4.38. Haka faifan Blu-ray na 2006 mai 25 GB yake komawa 23.3. Giɓin yana ƙaruwa da girman ma'auni: kashi 2.4 cikin ɗari a kilo, kusan kashi 5 a mega, fiye da kashi 7 a giga, kusan kashi 10 a tera.

Domin raba gardama, hukumar ƙasa da ƙasa mai daidaita ƙa'idojin lantarki, IEC, ta fito da sababbin sunaye a 1998: kibibayit, mebibayit da gibibayit, masu alamomin KiB, MiB da GiB, ga lissafin 1,024. Karɓuwarsu ba ta zama bai ɗaya ba. A 2009 kamfanin Apple ya mayar da kwamfutocinsa kan lissafin 1,000, amma Windows har yanzu da 1,024 take aunawa tana rubuta GB. Masu karatu a Nijar da Cadi da Kamaru sukan ga Mo da Go, daga kalmar Faransanci octet, mai nufin bit takwas, wato bayit. Sunan ne ya bambanta, ruɗanin yana nan yadda yake.

Amfanin sanin wannan tarihi a fili yake. Ɗalibin da Windows ta nuna masa cewa bayanansa sun kai 4.5 GB zai zaci DVD mai 4.7 GB zai ɗauke su. Ba zai ɗauka ba, domin wannan 4.5 ɗin bayit biliyan 4.83 ne. Hanyar kauce wa asara ita ce a mayar da kowane adadi zuwa bayit kafin a kwatanta, kamar yadda mai sayen hatsi a baƙuwar kasuwa yake fara duba girman mudun kafin ya yi ciniki.