Tarihin da Ake Aunawa a Sikelin 'Yan Gwangwan

Babu wanda bai san ɗan garuwa ba a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, sai dai yau jarkoki yake turawa a kura, garwar da yake ɗaukar ruwa da ita a da ta daɗe da ɓacewa. Ita kuwa garwa asalinta mazubin mai ce. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kananzir da fetur a cikinta suke zuwa, kowace tana cin galan huɗu, wato kusan lita 18, bibbiyu a akwatin katako. A farkon zamanin mota, direban da zai bi hanyar Daura ta Kazaure sai ya ɗora garewanin da za su kai shi su dawo da shi. In garwa ta zama fanko ba a yar da ita. Masu ruwa su saɓa, masu man gyaɗa su yi awo da ita, maƙera su yanka su fitar da mazurari da fitilar aci-balbal, wasu su baje ta su lulluɓe ƙyaure.

Famfo ne ya kori garwa. Wani Ba'amurke, Sylvanus Bowser, ya ƙera na farko a 1885 don auna kananzir a kantuna. Daga baya aka yi mai tulun gilashi a ka: mai sayarwa ya buga da hannu, mai ya hau cikin gilashin da aka zana wa layukan galan, mai saye ya gani da idonsa, sannan a sake shi ya gangara ta tiyo. Gani ya kori ji. A shekarun 1930 aka fito da famfo mai yin lissafi da kansa, inda haƙoran ƙarfe ke juyawa suna ninka yawan mai da farashi. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta, wannan ƙaramin inji kakan aikinmu ne, har da irin cikas ɗinsa. A 1979, da galan ya haura dala ɗaya a Amurka, famfuna da yawa ba su iya nuna abin da ya wuce santi 99.9 ba, dole aka riƙa sa rabin farashi, mai saye ya biya ninkin abin da ya gani.

Fuskar tsohon famfo a ƙasar nan takardar tarihi ce. Wanda aka rubuta wa galan da sule ya girmi naira, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973. A shekarar, lita ba ta kai kwabo tara ba. Ta kai kwabo 39.5 a 1986, kwabo 70 a 1991, sannan ta tsallake naira ɗaya a 1993. A ƙarshen 1994 tana naira 11, a 2012 naira 97. Bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare kuma an sayi lita sama da naira dubu. Yaron da aka haifa jiya ba zai yarda an taɓa cika tankin mota da canjin aljihu ba, sai an nuna masa famfon da gurbin farashinsa kwabo kawai yake ɗauka.

Allunan gidajen mai ma suna da nasu labarin. Esso ta koma Unipetrol a 1976, daga baya Oando. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin BP a rikicin da ya shafi mulkin wariyar launin fata a kudancin Afirka, gidajen manta suka zama AP. Na Shell sun zama National, sannan Conoil. Na Texaco sun ƙare a hannun MRS. Duk lokacin da suna ya sauya, sai a sauke allo a ɗaga wani, a shafe fenti da fenti. Wanda ya kankare jikin tsohon famfo a hankali yana iya tarar da kamfani biyu ko uku kwance a kan juna.

Ina waɗannan kaya suke tafiya? Amsar tana kan sikelin 'yan gwangwan, inda ake sayen ƙarfe da kilo a kai shi narkarwa. Ba laifinsu ba ne, neman halali suke yi. Kuma kayan ƙaruwa suke yi a hannunsu, domin gidajen mai na mutuwa. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, matakin da ya taɓa yankuna irin na Babura, sannan tsadar sarin tanka ta durƙusar da ƙananan 'yan kasuwa. Famfon da ya shekara a rana da ruwa, ƙarshensa guduma.

A garin Tradate na Italiya akwai gidan tarihin Fisogni, wanda Guido Fisogni ya kafa a 1966 da famfunan da ake cirewa a tsofaffin gidajen mai. Yau yana da kaya sama da 5,000. Mu ba ma buƙatar dubu biyar. Famfo uku ko huɗu sun isa, da garwa ɗaya, da mazurari, da tsohon allo, da littafin cinikin wani gidan mai. Ɗaliban injiniya na Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure za su iya tsiyaye ragowar mai, su wanke, su tayar da haƙoran lissafin, amma su bar tsohon fenti da farantin lambar kamfani yadda suke, don su ne shaidar.

Kafin a kai ga haka, wayar da ke hannunmu ta isa fara aikin. Mu ɗauki hoton farantin da fuskar farashin, mu rubuta garin da ranar, mu zauna da dattawan da suka buga famfo da hannu mu naɗi muryarsu. Garwa ta yi sa'a, harshe ya riƙe mata suna. Famfo ba shi da wannan gatan, in ya hau sikeli ya tafi ke nan.