BOREK DA SAMBUSA: TARIHIN ALKAMA A ƊAKIN GIRKINMU

 Duk wadda ta ga azumi ya kama a garuruwanmu na yanzu ta san da la'asar sakaliya gida ba ya rasa ƙamshin suya, kuma a cikin abin da ake jerawa a faranti da wuya a rasa sambusa. Sau da yawa za ki ji ana kiranta abincin zamani ko na 'yan boko, har wata tsohuwa ta taɓe baki ta ce su dai a ba su hurarsu. To, gaskiyar magana sambusa ta girmi kakannin kakanninmu, kuma tana da 'yar uwa a ƙasar Turkiyya da ake kira borek, wadda ta taɓa zuwa har bakin ƙofarmu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, amma ba ta shigo ba. Labarin wannan tafiya da abin da ya tsayar da ita shi ne nake so mu tattauna.

Da farko, mene ne borek? Kwaɓin garin alkama ne da ruwa da gishiri, a murza shi ya yi faɗi kamar faifai, ya yi siriri har ki riƙa hango hannunki ta cikinsa. Wannan falle shi Turkawa ke kira yufka. Abin murjinsu wata sanda ce doguwa siririya mai suna oklaba, ana naɗe kwaɓin a jikinta ana mirginawa, ana barbaɗa gari, har fallen ya kai yadda ake so. Daga nan sai a shafa mai, a zuba cuku da ganye, ko niƙaƙƙen nama da albasa, ko alayyafo, ko dankali. Idan an naɗe shi siriri kamar karan sigari aka soya, sunansa daban. Idan an yi shi doguwar igiya aka naɗe kamar gammo a cikin tire aka gasa, shi ma da nasa sunan. Wanda suka fi girmamawa kuwa shi ne borek na ruwa, wanda ake tsoma kowane falle a tafasasshen ruwa a tsame, a sa a ruwan sanyi, sannan a jera su hawa-hawa da man shanu da cuku a tsakani kafin a gasa. Aiki ne na mai haƙuri, domin falle ɗaya ya yage an koma baya.

Asalin abin daga rayuwar makiyaya ya fito. Kakannin Turkawa masu yawo ne da dabbobi a tsakiyar nahiyar Asiya, kamar dai Fulaninmu na daji. Mai tashi yau ya sauka gobe ba shi da lokacin gina wurin gashi, saboda haka sai suka saba da murza kwaɓi siriri su gasa a bayan wani kaskon ƙarfe da ake kifawa a kan wuta, wanda suke kira saj. Wani malaminsu mai suna Mahmud Kashgari ya rubuta ƙamus na harshen Turkawa a wajen shekarar 1074, kuma tun a cikinsa akwai wannan kalma ta yufka, da ɗan bambancin lafazi. Da suka zauna wuri ɗaya suka kafa mulki, abincin ruga sai ya shiga fada. A shekarar 1453 Sarki Muhammadu na Biyu ya ci birnin da muke kira Santambul, aka gina fadar Topkapi mai manyan ɗakunan girki da ke ciyar da dubban mutane kullum, a nan gwanaye suka yi ta ƙara wa borek hawa da ado.

A nan sai mai karatu ta lura, domin sunan daularsu iri ɗaya ne da na tamu. Su ma Daular Usmaniyya ake ce musu, amma nasu Usmanun daban, ya riga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da wajen shekara 500. Duk inda mulkinsu ya kai, borek ya bi su. A Bosniya har gobe burek suke kiransa. A Tunis ya zama birik, ana fasa ɗanyen ƙwai a ciki a soya. A Aljeriya kuwa da wuya a sha ruwa da azumi babu shi. A shekarar 1551 suka karɓi Tarabulus ta ƙasar Libiya, kuma inuwarsu ba ta bar garin ba sai 1911.

To, Tarabulus ɗin nan ita ce bakin hanyarmu. Daga can ayarin raƙuma ke tasowa, ya biyo ta Gadamas da Gat da Agadas, ya sauka Katsina ko Kano bayan watanni ana tafiya. Wata hanyar kuma ta bi ta Murzuk da Bilma ta faɗa Barno. A shekarun 1570 Mai Idris Aloma na Barno ya aika da jakadu wurin Sarki Murad na Uku a Santambul, har ma akwai Turkawa masu harbin bindiga a cikin rundunarsa. Baturen nan Kilafatin da ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, daga Tarabulus ya taso, kuma ya iske Larabawan Gadamas zaune suna kasuwanci. Haka shi ma Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya ratsa ƙasar Sakkwato da Gwandu a 1853. A birnin Kano har yau akwai unguwar Dandalin Turawa, kuma Turawan da ake nufi su ne waɗannan Larabawa fararen fata, tun kafin Nasara su zo su gaje sunan.

Wanda duk ya zauna a gari dole ya ɗora tukunya. Idan kina so ki ga sawun waɗannan baƙi, ba sai kin je gidan tarihi ba, ki saurari bakinki kawai. Alkama da albasa kalmomin Larabci ne. Alkubus daga sunan burodi ne a harshensu, alkaki ma haka daga nasu ka'ak ya fito, gurasa ita ma tasu ce. Taliya kuwa sunan ƙasar Italiya ta ɗauko, ta biyo ta hannun mutanen Tarabulus. Hatta tanderun da ake manna gurasa a cikinsa ɗan uwan tannur ne na Larabawa, wanda Turkawa ke ce wa tandir. Kin ga ke nan dangin alkama sun keto Sahara da yawansu, sun sami wurin zama, har mun manta baƙi ne.

Tambayar ita ce, me ya hana borek biyo su? A ganina amsar tana cikin dutsen niƙa. Falle mai siriri irin na yufka yana son gari fari mai laushi ƙwarai, wanda zai yi danƙo ya miƙe ba tare da ya yage ba. Mu kuwa alkamarmu 'yar kaɗan ce, ba ta son zafi, sai da sanyin hunturu ake nomanta a fadama, ana ɗebo ruwa da jigo guga-guga. Bayan an girbe, mace ce za ta durƙusa a kan dutse ta niƙa, ta tankaɗe, ta sake niƙawa. Garin da zai fito yana da ɗan tsaki-tsaki, ya dace da alkaki da funkaso da alkubus, amma a ce za a murza shi ya zama kamar takarda, wannan sai a wahala. Ga shi kuma borek na son mai da yawa da wurin gashi mai faɗi, mu ko murhu ne da tanda da kasko. Abin da ya dace da hannunmu da aljihunmu shi ya zauna, sauran ya tsaya can bakin teku.

Saboda ƙarancin nan ne ma alkama ta zama abincin fita kunya. Mu nan Jabo da Tambuwal da Kebbe, abincin yau da gobe gero ne da dawa da shinkafar fadama: tuwo, hura, kunu, masa, wadda Kanawa ke kira waina. Alkama sai ranar salla, sai saukar babban baƙo, sai kuma gara. Iyayenmu sun san uwar amarya ba ta barci sai ta ga an cika fanteka da alkaki da nakiya da dubulan, domin da su dangin miji za su auna gidan da yarinya ta fito. Kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwaggo da inna da maƙwabta ke taruwa, wata na kwaɓi, wata na naɗi, wata na bakin kasko, 'yan mata na gefe suna kallo suna koya. Abin sha'awa, matan ƙauyukan Turkiyya ma haka suke yi. Kafin sanyi ya shigo sukan yi gayya, yau a gidan wannan gobe a gidan waccan, su murza yufka su gasa su jibge ta kamar faya-fayai. Takan yi watanni ba ta lalace ba, ranar da ake bukata a yayyafa mata ruwa ta yi laushi a naɗe abin da ake so.

A shekarar 1911 abubuwa biyu suka faru kusan lokaci ɗaya. Italiya ta faɗa wa Tarabulus ta kawar da mulkin Turkawa, sannan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Tun daga nan ayarin Sahara ya yi ta ja da baya, fuskar ciniki ta juya kudu wajen teku. Garin alkama ya fara zuwa a buhu daga ƙasashen Turai da Amurka, fari fat, muka sa masa suna fulawa. A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, injinsa na Apapa ya fara niƙa a 1962, burodi ya bazu har ƙauye, mai shayi ya kafa teburinsa a kowace tasha. Abin da dutsen niƙa ya kasa bayarwa, inji ya kawo shi a mudu.

Da gari ya samu, sai abinci mai ƙunshi ya shigo, amma ta wata ƙofar daban. Ita sambusa asalin sunanta daga Farisa yake. Tana cikin littafin girki da Ibn Sayyar al-Warrak ya tara a Bagadaza a ƙarni na 10, kuma matafiyin nan Ibn Battuta, wanda ya zo ƙasar Mali a 1352, ya ba da labarin yadda ake kawo ta cike da nama a fadar sarkin Delhi ta Indiya. Can ta zama samosa, a ƙasar Makka kuma ta zauna a matsayin abin buɗa-baki. Da jirgin sama ya maye gurbin doguwar tafiyar ƙasa ta Sudan, musamman a shekarun 1970 da alhazai suka yawaita, hajiyoyinmu suka ci ta a can suka dawo da ita tare da dabino da zamzam. Yau ga ta a tiren 'yan talla, ga ta a wurin biki, mata da yawa da ita suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu daga cikin ɗaki.

Sai dai fa akwai abin dubawa. Mafi yawan alkamar da ake niƙa mana fulawa da ita daga waje ake sayo ta. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita don a noma ta gida, manoman Kadawa da na Bakalori suka duƙufa, amma ba ta wadatar ba, aka janye dokar a 1992. A 2022 da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, farashin alkama ya tashi a duniya, har sai da aka zauna a Santambul ɗin nan aka ƙulla yarjejeniyar fito da hatsi ta teku. Dubi ikon Allah, ana harbi a wata uwa duniya, mai sambusa a Tambuwal tana rage girman ƙunshinta. Bahaushe dai ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ni ba na cewa a bar fulawa, kuma ba laifi ba ne mace ta koyi girkin wasu, tafiya ai mabuɗin ilmi ce. Wadda ke sha'awar na Turkawa ma ta fara da wanda suke kira gozleme, don shi ba ya bukatar komai da babu a gidanmu. Ki kwaɓa gari da ruwa da gishiri, ki rufe shi ya huta kamar rabin awa, domin hutun nan shi ke sa ya miƙu. Ki gutsura ki murza da kwalba in babu abin murji, ki zuba albasa da alayyafo da ɗan cuku ko dakakken nama a rabi, ki ninko ɗaya rabin ki danne bakin, ki gasa a busasshen kasko kina juyawa, in ya yi ki shafe shi da man shanu. Albasa kuwa ga Aliero nan kusa da mu, ba sai an je nesa ba. In kin haɗa fulawar da garin alkamarmu ta gida, zai fi ƙamshi ya fi riƙe ciki.

Abin da nake jin tsoro shi ne ranar da za a nemi mai iya naɗin alkaki a unguwa a rasa. Yanzu gara ta koma kwangila, a ba da kuɗi a kawo a roba, taron gwaggo da inna ya watse, yarinya ta tashi ta iya sambusa daga wayar hannu amma ba ta san yadda ake tsoma alkaki a zuma ba. Turkawan da muke sha'awa, duk da injinan da suke da su, har yau mace mai murza yufka da hannunta tana da daraja a cikinsu, shi ya sa abincinsu ya kai shekara wajen dubu bai ɓata ba. Mu ma alkakin nan baƙo ne da kakanninmu suka karɓa, suka gyara shi da alkamar fadamarsu har ya zama namu. In za mu karɓi sabo, mu karɓe shi irin wannan karɓa, kuma duk mai tsohuwa a gida ta zaunar da 'ya'yanta kusa da ita ranar da za a yi suyar biki, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya ba mu abin da za mu ɗora a murhu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.