Daga Ayarin Fatake Zuwa Layin Kwantena: Tarihin Haɗa Motocin Dako Tsakanin Maraɗi da Kwatano

Tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, Bahaushe ya san cewa doguwar tafiya ba ta mutum ɗaya ba ce. Kowa da jakunansa, amma madugu ɗaya ke tsara tashi da zango. Wannan tsari bai mutu ba, kama ya sake.

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa bi ta Kano zuwa Ikko. Faransawa ba su ji daɗin haka ba, domin ribar dako tana faɗawa hannun Ingilishi. Saboda haka a 1953 suka ƙirƙiro wani shiri da suka laƙaba wa sunan tsattsewa, wato Hirondelle. Aka tattara motocin 'yan kasuwa daban-daban ƙarƙashin tsari guda, aka yanka musu kuɗin dako, suna kai gyaɗa Faraku, inda layin dogo ya tsaya tun 1936, jirgi kuma ya ƙarasa da ita Kwatano. Da za su juyo, sai su ɗauko kayan da aka sauke daga teku. Asirin shirin ke nan: kada mota ta koma wayam. A 1959 Nijar da Dahomi suka kafa hukuma guda, OCDN, ta riƙe dogon da rabon kaya.

Farin da aka yi a 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, kwantena kuma ta canza sigar dako. Aka zauna a kan ƙa'idar raba kayan Nijar gida uku: biyu ga motocin Nijar, ɗaya ga na Binin, kowace mota ta jira layinta. Ƙa'idar ta kare mai mota ɗaya daga manyan attajirai, amma ta sa tsohuwar mota da sabuwa suka zama ɗaya, mai kaya kuwa ba shi da zaɓi, jinkiri ya ƙaru.

A Amurka ma, a tashoshin Los Angeles da Long Beach an haɗa tirelolin ɗaukar kwantena wuri guda a 2015, domin direba ya ɗauki wadda ya samu, ya ajiye inda ya sauke.

Abin lura shi ne, haɗa abin hawa yana ɗorewa ne muddin akwai kaya a tafiya da dawowa, da kuma madugun da kowa ya yarda da adalcinsa. In ɗaya ya kuɓuce, sai ayari ya watse.