Buƙatun Masu Rubutu da Hausa a Sigar LibreOffice Mai Zuwa: Nazari da Shawarwari

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci gyare-gyaren da ya kamata masu rubutu da Hausa su nema a sigar LibreOffice mai zuwa. An ɗauki ƙa'idojin rubutun Hausa an gwama su da yadda manhajar ke karɓar harafi, da duba kalma, da jera sunaye, da adana takarda. Nazarin ya fito da buƙatu shida: daidaita hamza, juya tsofaffin takardu zuwa Unicode, ƙamusun duba rubutu, jerin abacada, rubuta lamba da kalmomi tare da kwanan wata na Hijira, sai kuma ajami. An gano cewa da dama daga cikin buƙatun sun rataya ne a kan bayanan harshe waɗanda masana Hausa za su tanada, domin injinan da za su yi aikin suna cikin manhajar tun tuni.

Fitilun Kalmomi: LibreOffice, ƙa'idojin rubutu, haruffa masu ƙugiya, hamza, ajami, Unicode

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da sabuwar sigar manhajar ofis ta kusa fitowa, masu amfani da ita sukan jero abubuwan da suke fata a ƙara. A 'yan shekarun nan hankali ya karkata ga ƙirƙirarriyar basira da aikin tarayya ta intanet. Malamin da ke buga jarrabawar Hausa, da akawun da ke jera sunayen ma'aikata, da ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, damuwarsu tana tun matakin farko: harafin da suka buga ya tsaya yadda suka buga shi, kuma ya isa hannun mai karatu ba tare da ya rikiɗa ba. Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manufar maƙalar ita ce a tantance waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, a bayyana dalilin kowace matsala, sannan a nuna wanda gyaranta ya hau kansa.

2.0 Waiwaye

LibreOffice ta samo asali ne daga StarOffice ta ƙasar Jamus, wadda kamfanin Sun Microsystems ya saya a 1999 ya kuma saki tushen shirinta a 2000 da sunan OpenOffice.org. Bayan Oracle ya sayi Sun a 2010, wasu daga cikin masu aikin suka ware a watan Satumba na shekarar, suka kafa The Document Foundation. Sigar farko, 3.3, ta fito a Janairun 2011. Ana fitar da babbar siga sau biyu a shekara, a Fabrairu da Agusta, kuma daga 24.2 ta Fabrairun 2024 lambar siga ta koma shekara da wata. Ƙunshin ya haɗa da Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na gabatarwa, da Draw, Base da Math.

An zaɓi wannan manhaja saboda dalilai uku. Kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma ƙofarta a buɗe take ga duk mai son shigar da buƙata a rumbun Bugzilla ko ya kawo gyaran da kansa.

Ta fuskar harshe, rubutun boko ya bi matakai sanannu: ƙa'idojin Hans Vischer na 1912, shigowar haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, taron Bamako na 1966, da taron Yamai na 1980 da ya nemi daidaita rubutun Nijeriya da Nijar. Duk da haka bambanci ɗaya ya saura a fili: Nijeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya ƙara wa batun takardun ofis da Hausa nauyi.

3.0 Dabarun Bincike

Nazarin na ƙwanƙwance ne. An ɗauki kowace ƙa'idar rubutu, aka bi ta matakai huɗu da takarda ke ratsawa: shigarwa, dubawa, sarrafawa da musanya. An auna kowace buƙata da ma'auni uku: girman ɓarnar da rashinta ke yi wa ma'ana, yawan ayyukan ofis da take shafa, da kuma ko gyaranta na neman sabon shiri ne ko bayanan harshe kawai.

4.0 Sakamakon Nazari

4.1 Hamza da Haruffa Masu Ƙugiya

Unicode ya ba kowane harafi mai ƙugiya lambarsa: Ɓ da ɓ suna U+0181 da U+0253, Ɗ da ɗ suna U+018A da U+0257, Ƙ da ƙ suna U+0198 da U+0199, Ƴ da ƴ kuma U+01B3 da U+01B4. Matsalar da ta fi ɓuya tana ga hamza, domin alamomi uku ne ke takarar wakiltarta. Akwai miƙaƙƙiyar da ke kan madannai, U+0027, da lanƙwasasshiyar rufe zance, U+2019, da U+02BC wadda Unicode ke ɗauka a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke, amma wajen kwamfuta kalmar ma'aikata tana iya zama kalmomi uku daban.

Illar tana bayyana a wurare da dama. Gyara-kai-tsaye na alamar zance yakan ɗauki hamzar farkon kalma, kamar a 'yan ko 'ya'ya, a matsayin buɗe zance, sai ya juya ta baibai. Umarnin PROPER na manhajojin lissafi yana girmama duk harafin da ya biyo bayan alamar da ba harafi ba, don haka sa'adu ya koma Sa'Adu, asma'u ta koma Asma'U. A Excel kuwa, miƙaƙƙiyar hamza a farkon gurbi alama ce ta cewa abin da ke ciki rubutu ne, saboda haka ba ta bayyana, sai 'Yar'aduwa ya fito Yar'aduwa.

Buƙatar a nan ita ce idan an saita harshen takarda a Hausa, manhajar ta mayar da hamzar cikin kalma da ta gaban y zuwa U+02BC, bincike ya ɗauki alamomin uku a matsayin abu guda, kuma girmama harafin farkon jimla ya ba da 'Yan. Haka nan a samar da umarni ɗaya mai juya 'y zuwa ƴ ko akasin haka, don takardar da aka rubuta a Zinder ta karantu a Kano bisa ƙa'idar wurin.

4.2 Juya Tsofaffin Takardu

Kafin Unicode ya yaɗu, marubuta sun dogara da zubin haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Irin waɗannan zubi sun yi wa Hausa babban aiki, ta hanyar zana ƙugiya a gurbin alamomin da Hausa ba ta amfani da su. Wasu sun ɗauki q, x da v, wasu suka ɗauki baka-biyu da makamantansu. Da zarar takardar ta je kwamfutar da ba ta da zubin, sai ƙasa ta fito qasa ko }asa, ɗaya ya fito xaya, ɓangare ya fito vangare. Kundaye da mujallu da yawa na jami'o'inmu suna cikin wannan hali, kuma mai bincike a intanet ba zai same su ba.

Ana buƙatar mai juyawa a cikin Writer wanda zai duba sunan zubin kowane yanki na rubutu kafin ya taɓa shi. Wannan sharaɗi wajibi ne, domin maye gurbi na bai-ɗaya zai lalata sunayen marubutan Turai da kalmomin Ingilishi da ke cikin takarda guda. LibreOffice tana iya cusa zubi a cikin fayil tun siga 4.1 ta 2013, sai dai cusawar na rufe matsalar ne a ido kawai, harafin da ke ƙasa yana nan a matsayin q.

4.3 Ƙamusun Duba Rubutu

LibreOffice na duba rubutu da Hunspell, wanda László Németh ya gina domin harshen Hungariyanci mai yawan ɗafi. Yana aiki da fayil biyu, ɗaya na jerin kalmomi, ɗaya na dokokin ɗafi. Wannan tsari ya dace da wani sashe na Hausa. Idan an yi wa kowane suna alamar jinsi, doka ɗaya za ta samar da gidan, gidansa, gidanmu, wata kuma ta samar da motar, motarsa, motarmu, ta kuma ƙi amincewa da motan. Giredin aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960 shi ma yana shiga doka: saya, sayi, saye, sayo, sayar, sayu.

Jam'i ne ke da wuya. Gida da gidaje, jirgi da jirage, sarki da sarakuna, littafi da littattafai, babu doka ɗaya da za ta haɗa su, don haka sai an jera su da hannu. Madogarar aikin tana nan: ƙamusun Bargery na 1934, na Abraham na 1949, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, na Paul Newman na 2007, da nahawunsa na 2000. Abin da ya rage shi ne izinin masu haƙƙin mallaka da kuma aikin tacewa.

Hunspell na duba kalma ita kaɗai, don haka ba zai kama kasa a gurbin ƙasa ba, ko baki a gurbin baƙi, tunda dukkansu kalmomi ne. Wannan aikin mai duba nahawu ne, irin Lightproof ko LanguageTool, wanda aka ba hanyar haɗuwa da LibreOffice a siga 7.4 ta 2022. Kurakuran raba kalma da haɗe ta su ne suka fi sauƙin farawa: ya na ya zama yana, zasu ya zama za su, ya kan ya zama yakan. Bambance a kan da akan kuwa sai an duba kalmar da ta biyo baya. Ya kamata wannan ya yi aiki a kan kwamfutar kanta, saboda tsadar data da yankewar intanet.

4.4 Jerin Abacada

Rumbun CLDR na Unicode yana da tsarin jera Hausa: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh bayan s, ts bayan t, 'y bayan y. Bisa wannan tsari Sulaiman na gaba da Shehu, Tukur na gaba da Tsoho. Wanda ya jera sunaye da tsarin Ingilishi zai sami akasin haka. LibreOffice na amfani da ɗakin karatu na ICU mai ɗauke da bayanan CLDR, don haka buƙatar ita ce Calc da fihirisar Writer su bi harshen takarda da kansu, kuma Hausar Nijeriya, Nijar da Gana kowacce ta sami saitinta na kuɗi: naira, sefa da sidi.

4.5 Lamba da Kwanan Wata

Rasit da takardar biyan kuɗi na buƙatar adadi da kalmomi. Tun siga 6.1 ta 2018 LibreOffice na iya juya lamba zuwa kalmomi ta hanyar libnumbertext, inda kowane harshe ke da ɗan fayil na dokokinsa. Rubuta na Hausa ƙaramin aiki ne, amma akwai hukuncin da masana za su yanke tukuna. Dubu ɗari da biyar na iya nufin 100,005 ko 105,000. A takardar kuɗi irin wannan harshen-damo na iya jawo asara, saboda haka dole a amince da lafazi ɗaya ga kowanne kafin a saka shi a manhaja.

Manhajar na da kalandar Hijira ta lissafi. A Nijeriya kuwa farkon wata na bin ganin jinjiri da sanarwar Sarkin Musulmi, kuma yakan saɓa wa lissafi da kwana ɗaya. Ana buƙatar damar ƙara ko rage kwana, da sunayen watanni yadda Hausawa ke rubuta su.

4.6 Ajami

Tun siga 5.3 ta 2017 LibreOffice na tsara haruffa da HarfBuzz, wanda ya iya haɗa baƙaƙen Larabci. Unicode 9.0 na 2016 ya ƙara fa, ƙaf da nun na rubutun Warsh, kuma cibiyar SIL ta fitar da zubin Alkalami bisa salon rubutun Kano, da Harmattan. Abin da ake nema shi ne a iya saita harshen yanki a matsayin Hausa da ajami, don kada mai duba Larabci ya ja wa kowace kalma jan layi, kuma bincike ya iya tsallake wasulla idan an so.

5.0 Tattaunawa

Idan aka ɗora buƙatun a kan ma'aunan uku, hamza da juya tsofaffin takardu ne ke kan gaba, domin duk sauran sun dogara da su. Ƙamus ba zai gane kalmar da aka rubuta da q a gurbin ƙ ba, jeri kuma ba zai daidaita ba muddin hamza na da fuska uku. Waɗannan biyun ne, tare da gyaran kwanan Hijira da saitin ajami, ke neman hannun masu rubuta shiri. Ƙamus, dokokin nahawu da lafazin lamba bayanan harshe ne tsantsa, jeri kuwa tsarinsa ya riga ya samu.

Wannan ya sauya ma'anar roƙon gyara. A manhajar da 'yan sa-kai da ƙananan kamfanoni ke ginawa, buƙatar da ta zo da misalai, da ƙa'ida a rubuce, da fayil ɗin gwaji, ita ce ke samun mai ɗauka. Mai shiri a Jamus ko Hungari ba shi da hanyar sanin cewa mota mace ce, sai an rubuta masa. Ribar kuma ta wuce LibreOffice, tunda Firefox da Chrome suna karanta ƙamusun Hunspell.

6.0 Kammalawa da Shawarwari

Maƙalar ta nuna cewa buƙatun Hausa a sigar LibreOffice mai zuwa na tushe ne, kuma da dama daga cikinsu suna hannun masu harshen. Ana ba da shawarar sassan Hausa na jami'o'in Bayero, Ahmadu Bello, Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni su haɗa kwamiti ɗaya da zai yanke hukunci a kan hamza da lafazin lamba. A ba ɗaliban digiri na biyu aikin tara kalmomi da alamar jinsi da jam'i a matsayin kundin bincike, tare da takwarorinsu na sashen kimiyyar kwamfuta. A saki sakamakon da lasisin da zai ba kowace manhaja damar ɗauka. Mujallun Hausa kuma su sanya rubutu da Unicode cikin sharuɗɗan karɓar maƙala. Da yake siga na fitowa duk bayan wata shida, ana iya fara shigar da buƙatar hamza da fayil ɗin lamba a zango ɗaya, ƙamus ya biyo baya kashi-kashi.