BABI NA HUƊU: NEMAN DIYYAR RAI A KOTUNAN ZAMANI, SHARI'AR GWAJIN MAGANIN TROVAN A KANO, 1996 ZUWA 2011

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba yadda iyalan da suka rasa 'ya'yansu a gwajin maganin Trovan suka nemi diyya, da irin taimakon lauyoyi da suka samu, da kuma dalilin da ya sa aka shafe shekara goma sha biyar kafin kuɗin farko ya shiga hannun wani uba. An zaɓi wannan shari'a ne saboda a cikinta aka ga haɗuwar fahimta biyu game da darajar ran ɗan Adam, wato fahimtar da Bahaushe ya gada daga Musulunci da kuma wadda Turawan mulkin mallaka suka zo da ita. Don haka ya kamata a fara da waɗannan biyun kafin a shiga labarin kansa.

4.1 Diyya da Dokar Ingila

Tun kafin zuwan Turawa, alƙalan ƙasar Hausa suna hukunci ne da mazhabar Malikiyya, suna dogara da littattafai irin su Risala da Muhtasar Halil. A wannan tsari, wanda ya kashe rai bisa kuskure sai a biya diyya ga magadan mamaci, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta hukunta. Adadin diyyar sananne ne: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, diyyar mace kuma rabin ta namiji ce. Dangin mai laifi na wajen uba su ne ke haɗuwa su biya cikin shekara uku. Abin lura a nan shi ne ba a tambayar nawa mamaci yake samu a wata. Diyyar jariri ɗaya take da ta attajiri. Haka kuma malaman fiƙihu sun yi magana a kan likita musamman, suka ce yana ɗaukar lamuni idan ya jahilci aikin, ko ya yi sakaci, ko ya yi magani ba da izinin da shari'a ta yarda da shi ba. Wannan batu na izini zai sake fitowa nan gaba.

Dokar Ingila ta bi wata hanya daban. A 1808 alƙali Lord Ellenborough ya yanke cewa ba a iya kai ƙarar neman kuɗi saboda mutuwar mutum, har ya zama wanda ya raunata mutum zai biya, amma wanda ya kashe shi ba zai biya ba. Yawan haɗurran jirgin ƙasa ne ya sa majalisar Ingila ta yi dokar gyara a 1846, wadda ta ba mata da miji da iyaye da 'ya'ya damar neman kuɗi. Sai dai ma'auninta shi ne asarar abin hannu, ma'ana abin da iyali suka rasa na ciyarwa saboda rasuwar mai ciyar da su. Wannan doka tana cikin dokokin Ingila da suka shigo Nijeriya, domin Turawa sun shimfiɗa cewa dokokinsu na gama-gari da ke aiki a ranar 1 ga Janairu, 1900 za su yi aiki a nan. A irin wannan ma'auni, yaro ɗan shekara biyu da bai taɓa kawo ko kwabo gida ba, ransa ba ya da wani farashin kirki a gaban kotu.

4.2 Abin da Ya Faru a Asibitin Zana

A farkon 1996, lokacin mulkin soja na Janar Sani Abacha, annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Nijeriya. Fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka mutu, ga kuma ƙyanda da amai da gudawa a lokaci guda. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ya cika maƙil. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana wurin tana ba da maganin da aka saba da shi kyauta.

Cikin wannan hali ne ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka iso da sabon maganinsu mai suna Trovan, wanda a lokacin hukumar magunguna ta Amurka ba ta riga ta ba shi lasisi ba. Suka ɗauki yara kimanin 200, suka raba su gida biyu. Rabi aka ba su Trovan, rabi kuma aka yi musu allurar wani sanannen magani, ceftriaxone, amma bayan allurar farko sai aka rage yawansa ƙasa da yadda aka saba bayarwa. Yara 11 suka mutu, biyar daga masu Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren. Wasu sun rayu da kurumta ko makanta ko shanyewar jiki. Bayan kamar mako biyu ma'aikatan suka tattara suka koma ƙasarsu.

Ya zama wajibi a kawo matsayin kamfanin. Pfizer ya ce cutar ce ta kashe yaran ba maganin ba, ya ce kusan kashi 94 cikin ɗari na yaran sun rayu, wanda ya fi abin da aka samu a annobar gaba ɗaya, kuma sanƙarau da kansa yana kurumtar da yaro. Ya kuma ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun yarda da baki. Iyayen kuwa cewa suka yi ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya ce musu akwai wani magani kyauta a harabar asibitin. Ba a samu takardar amincewa da iyaye suka sa wa hannu ba. A 1999 hukumomin Amurka suka taƙaita amfani da Trovan, na Turai kuma suka dakatar da shi, saboda lalata hanta da ya yi wa wasu manya.

4.3 Wahalar Samun Kotun da Za Ta Saurara

Shekara huɗu maganar tana kwance. Ba abin mamaki ba ne, domin yawancin iyayen talakawa ne, kuma Bahaushe idan ɗansa ya rasu a asibiti cikin annoba cewa yake kwana ne ya ƙare. Hukumar ba da agajin lauyoyi da gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 aikinta ya fi karkata ga kare waɗanda ake tuhuma da laifi, ba ta da ƙarfin tunkarar kamfani irin wannan. Jaridar Washington Post ce ta tono zancen a watan Disamba na 2000. Daga nan aka gano cewa takardar amincewa da aka ce kwamitin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bayar, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996, daga baya aka rubuta ta, domin a wancan lokaci asibitin ba shi da irin wannan kwamiti. Gwamnatin tarayya ta naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi a 2001, kwamitin ya samu kamfanin da laifin gwaji ba bisa ƙa'ida ba, amma rahoton bai fito fili ba sai a 2006, shi ma ta hannun waccan jarida.

Iyalan sun fara da gida. Wasunsu suka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Kano a 2001. Aka yi ta ɗage zama. Alƙalin farko aka cire shi daga aiki, na biyu ya ce ba zai saurara ba saboda dalilai na ƙashin kansa, har masu ƙara suka gaji suka janye.

Sai kuma Amurka. A watan Agusta na 2001 lauyoyin can suka shigar da ƙara a kotun tarayya ta New York a madadin iyalai kimanin talatin, shari'ar da aka sani da Abdullahi da Pfizer. Abu biyu suka sa haka ta yiwu. Na farko, a Amurka lauya yana iya ɗaukar shari'a ba a biya shi ko sisi ba, bisa sharaɗin zai ɗauki kaso idan an yi nasara, don haka talaucin mai ƙara ba ya hana shi lauya matuƙar wanda ake ƙara yana da kauri. Na biyu, akwai wata tsohuwar doka ta 1789 da ta ba baƙo damar kai ƙara a kotun Amurka idan an keta dokar ƙasa da ƙasa a kansa. A nan za a lura cewa lauyoyin ba su gina ƙarar a kan mutuwar yaran kaɗai ba. Tabbatar da cewa magani ne ya kashe yaron da sanƙarau ya riga ya kwantar abu ne mai wuya ƙwarai. Sun gina ta ne a kan rashin izini, wato daidai wurin da malaman fiƙihu suka ɗora wa likita lamuni tun ƙarnoni da suka wuce.

Alƙali William Pauley ya kori ƙarar a 2002, ya ce Kano ce ta fi dacewa da sauraronta. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar masa da ita a 2003 don ya duba abin da ya sami ƙarar Kanon. Ya sake korar ta a 2005. Sai a watan Janairu na 2009 kotun ɗaukaka ƙara, da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya, ta yanke cewa hana gwajin magani a kan mutum ba da yardarsa ba ƙa'ida ce da duniya ta haɗu a kanta, ta kafa hujja da ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964. Kamfanin ya garzaya Kotun Ƙolin Amurka, ita kuma a watan Yuni na 2010 ta ƙi saurara. Shekara tara ke nan ana gardama a kan wace kotu ce za ta ji magana, ba a kai ga kiran shaida ko ɗaya a kan mutuwar yaran ba.

4.4 Shigowar Gwamnati da Sulhun 2009

Abin da ya sauya lissafi shi ne shigowar hukuma. A 2007 gwamnatin Jihar Kano, ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ta shigar da ƙarar laifi da ta neman kuɗi, tana neman sama da dala biliyan 2. Gwamnatin tarayya ma ta shigar da tata, tana neman kusan dala biliyan 7. A ganin mai wannan bincike, tsoron gurfanar da ma'aikatan kamfanin a kotun laifi, haɗe da hukuncin Janairu 2009, su ne suka kawo Pfizer teburin sulhu, ba kukan iyaye ba. Ya kamata a tuna kuma cewa jihar ta riga ta ɗanɗana kuɗar wannan al'amari ta wata fuska, domin labarin Trovan yana cikin hujjojin da aka riƙa kawowa lokacin ƙauracewa allurar shan inna a 2003 zuwa 2004.

A ƙarshen watan Yuli na 2009 aka sa hannu a kan sulhu na dala miliyan 75. An ware miliyan 30 don ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 don kuɗin shari'a da gwamnati ta kashe, miliyan 35 kuma ga asusun biyan waɗanda abin ya shafa, wanda aka ɗora tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali, a kan kwamitinsa. Mafi yawan abin da iyali ɗaya za su samu shi ne dala 175,000. Kamfanin bai amsa laifi ba.

Wannan tsari ya fi kama da diyya fiye da dokar 1846, tunda an yanka adadi ne ba tare da tambayar abin da yaro yake samarwa ba. Amma ya saɓa wa diyya ta wani gefe mai muhimmanci. Diyya hukunci ce da ke biyo bayan tabbatar da wanda ya yi sanadin rai, magada kuma su ne masu haƙƙin karɓa ko yafewa. A nan gwamnati ce ta yi sulhun, fiye da rabin kuɗin kuma ba ga magada ya nufa ba.

4.5 Gwajin Ƙwayoyin Halitta

Saura tambaya ɗaya: su wane ne yaran 200? Takardun 1996 ba su da cikakken suna da adireshi na kowane yaro, iyaye da yawa kuma sun ɓatar da katin da aka ba su, wasu sun ƙaura, wasu sun rasu. Da aka yi shela, mutum 547 suka fito. Kamfanin ya dage sai an yi gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ake kira DNA, a gwada yawun mai nema da samfurin da aka ɗiba daga jikin yaran a 1996. Ta fuskar lissafi hujjarsa tana da ƙarfi, domin 547 ya ninka 200 fiye da sau biyu. Amma ƙungiyar iyalan ta ƙi da farko, har ta kai maganar kotu, tana mai cewa samfurin da za a gwada da shi yana hannun wanda ake ƙara ne, kuma ba su ne suka yi sakaci da rubuta sunaye ba. Wanda aka ɗebi jinin ɗansa sau ɗaya bai san dalili ba, ba zai yi saurin buɗe baki a karo na biyu ba.

A watan Fabrairu na 2011 aka sanar da sulhu a kan sauran ƙararrakin, har da na Amurka, bisa sharuɗɗan da ba a bayyana ba, masu ƙarar kuma suka amince su bi ta asusun. A watan Agusta na wannan shekara iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu a Kano. Yaran da suka rayu daga gwajin a lokacin sun zama samari da 'yan mata.

Hanyar da lauyoyin suka bi ba ta daɗe a buɗe ba. A 2013, a shari'ar Kiobel, wadda ita ma 'yan Nijeriya ne daga ƙasar Ogoni suka shigar a kan kamfanin mai na Shell, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dokar 1789 ba ta shafi abin da ya faru a wata ƙasa ba, sai idan yana da alaƙa mai ƙarfi da Amurka kanta.