Ɗaurin Schiff: Daga Pisa Zuwa Ƙwayar Ido

A shekarata ta biyu a jami'a na haddace yadda sinadarin imin yake samuwa, na rubuta a jarrabawa, na ci. Sai bayan na kammala na tambayi kaina: wane ne wannan Schiff da ake laƙaba wa sinadarin sunansa?

An haifi Hugo Schiff a Frankfurt ta Jamus a 1834. Ya yi karatu a Göttingen a hannun Friedrich Wöhler, ya sami digirin digirgir a 1857. Ra'ayinsa na siyasa ya hana shi zaman ƙasar haihuwarsa, sai ya koma Bern ta Suwizalan, daga nan ya wuce Italiya a 1863. A 1864, daga ɗakin gwaji na Jami'ar Pisa, ya wallafa abin da ya gano: idan aka haɗa aldihaid da anilin, ruwa yakan fita, sabon sinadari ya bayyana.

Abin da ke faruwa shi ne, naitirojin na amin yana kama kabon ɗin da ke riƙe da oksijin. Daga bisani oksijin ya fice cikin ƙwayar ruwa, ya bar kabon da naitirojin ɗaure da igiya biyu. Aikin yana son tsami daidai gwargwado. In tsamin ya yi kaɗan, ruwan ba ya saurin fita. In ya yi yawa, sai ya dabaibaye amin ya hana shi kamu. A 1959 William Jencks na Amurka ya fayyace dalilin haka a bincikensa kan dangin imin.

Schiff ya rasu a Florence a 1915, bai san cewa da irin wannan ɗaurin yake kallon kwalaben gwajinsa ba. A tantanin bayan ido, wani aldihaid mai suna retinal, wanda jiki ke samarwa daga bitamin A, yana ɗaure da furotin opsin ta hanyar imin. Haske na sauka, retinal ya sauya siffa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Binciken sinadaran gani ne ya ba George Wald rabo a kyautar Nobel ta 1967.

A nan darasin ya iso gida. Yaron da ke lalube da magariba saboda dundumi, sau da yawa ƙarancin bitamin A ne ya rage masa wannan ɗaurin. Da an fara mini darasin da wannan yaro, da fahimta na yi, ba hadda ba.