Daga Dandalin Dambe Zuwa Gidan Kallo: Yadda Tamaula Ta Mallaki Birnin Kudu

Manyan ranaku biyu na farin cikin masu kallon ƙwallo a Najeriya duk a Amurka suka faru, kuma a filayen da ba don tamaula aka gina su ba. A watan Yunin 1994 Rashidi Yekini ya zura wa Bulgeriya ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, a filin Cotton Bowl da ke Dallas. Ranar 3 ga Agusta 1996 kuma Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 ta ɗauki zinaren Olamfik a filin Sanford na Jami'ar Jojiya, inda sai da aka tumɓuke shingen itatuwan da ke gefen filin kafin ya kai faɗin da tamaula ke bukata. Filayen nan biyu na ƙwallon Amurka ne, wasan nan mai kama da zari-ruga da ake yi sanye da hular kwano da sulken kafaɗa. A Birnin Kudu da Gwaram akwai dattawan da za su lissafo maka Kanu da Tijjani Babangida da Garba Lawal daga tawagar 1996 ba tare da sun yi tuntuɓe ba, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa zama ya kalli wasan masu filin daga farko har ƙarshe. An saba cewa ai wasan ne ba shi da daɗin kallo. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Abin da ya nuna shi ne, jama'a na kallon wasan da suka taɓa yi da jikinsu, kuma tamaula ta cika gidajen kallo ne saboda ta riga ta cika filayen makarantu da gonakin da aka girbe.

Kudancin Jigawa ba baƙon taro ba ne. Duwatsun Mesa da Habude da Murufu, masu ɗauke da tsoffin zane-zanen shanu, da duwatsun nan masu amo da Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950, shaida ne cewa an daɗe ana zama ana haɗuwa a nan. A zamanin kakanni kuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, lokacin wasa shi ne kaka. In an kai amfanin gona gida sai dandali ya raya: samari na kokawa, yara na langa, Fulani na shaɗi, mahauta kuma su ɗaure hannu su fita yawon dambe gari gari. Wanda ya san dambe ya san cewa yawancin lokacin da ake ɓatawa a fage ba na duka ba ne. Kiɗa ne da kirari da tsuma da neman abokin karawa, da zagaye da auna juna, sannan cikin ƙiftawar ido a kai hannu, wani ya kai ƙasa. Turmi uku ne, ana rabawa ana komawa, makaɗa irin su Ɗan Anace suna cike giɓin da ke tsakani, har ma waƙar ta fi damben daɗewa a zukatan mutane. To wannan shi ne ainihin tsarin ƙwallon Amurka: a tsaya, a yi shawara, a jeru, a yi karo na daƙiƙa kaɗan, a sake tsayawa, 'yan badujala da masu rawa suna riƙe da 'yan kallo. Jaridar Wall Street Journal ta auna a 2010 ta ga cewa a wasan da ke cin sama da awa uku, ƙwallo na motsi ne na kimanin minti 11 kacal. Bahaushen da ya iya kwana a gidan dambe yana jiran kisa ɗaya ba zai ce tsaye-tsaye ko karon ƙarfi ne suka hana shi kallon wani wasa ba. Da ɗabi'ar kallo ce ke yanke hukunci, da ƙwallon Amurka ya fi tamaula kusa da abin da ya gada.

Bambancin yana cikin yadda kowanne ya girma. A 1863 aka rubuta dokokin tamaula a Landan, kuma yau guda 17 ne kacal. Wasan farko tsakanin jami'o'in Amurka, na Rutgers da Princeton a 1869, ya fi kama da tamaula, amma daga 1880 Walter Camp na Jami'ar Yale ya shigo da jeruwar layi biyu fuska da fuska, daga baya ya ƙara dokar ƙidaya yunƙuri, wato a ci tazara kaza cikin yunƙuri kaza ko a miƙa ƙwallo. Da mace-macen 'yan wasa suka tayar da hankali a 1905, sai aka halatta jefa ƙwallo gaba a 1906. Kowane gyara ya ƙara wa wasan doka da kaya da ma'aikata, har ya zama sai cibiya mai kuɗi ce ke iya ɗaukar nauyinsa: makarantar sakandare mai kasafi, jami'a, ko ƙungiyar NFL da aka kafa a 1920, inda kowane kulob ke riƙe da 'yan wasa 53. Tamaula kuwa ta bi hanyar da ba ta bukatar kowa ya ba da izini. Wasan farko da aka rubuta labarinsa a Najeriya an yi shi a Kalaba a 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan Ingila. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da leburori da akawu daga kudu, kofin Gwamna ya fara a 1945, kuma a 1953 ƙungiyar Kano ta ɗauke shi. Tawagar Najeriya da ta je Ingila a 1949 yawancinta ba takalmi ta buga. Wasan da za a iya wakiltar ƙasa a cikinsa da ƙafa tsirara ba shi da shamakin da zai hana shi shiga ƙauye.

Birnin Kudu ba ta kan layin dogo, saboda haka ta makaranta da titin mota tamaula ta shigo mata. Garin na kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma yana da Kwalejin Gwamnati, wadda Aliko Dangote ya yi karatu a cikinta, makarantar kwana da ta riƙa tara yara daga sassan tsohuwar Jihar Kano tun kafin a yanke Jigawa a 1991. Makarantar kwana ta wancan zamani ba ta rabuwa da fili da gasar gidaje da wasan la'asar, kuma ɗalibi in ya tafi hutu da wasan yake komawa garinsu. Amma babban juyin ya zo ne da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya kai aji da malami garuruwan da ba su taɓa gani ba, ga kuma masu yi wa ƙasa hidima da aka fara turawa tun 1973. Ko makarantar ba ta da kujeru, tana da fili. Daga nan yara ba su ƙara bukatar malami ba: a dunƙule tsumma a ɗaure da igiya, a ajiye duwatsu biyu nan biyu can, a raba kai ko da mutum uku uku ne. A Sara ko Basirka, a Kantoga ko Wurno, gonar da aka cire wa kara ta isa fili har damina ta dawo. Ba a iya yi wa ƙwallon Amurka irin wannan ragi. In ka cire hula da sulke ka bar karon, ka shirya kai yara wajen mai ɗori. In ka cire karon, ka bar wani wasa dabam.

Wannan ne ya sa mutumin da ke zaune kan benci a gidan kallo yau ba baƙo ba ne ga abin da ke kan allo. Ya san nauyin ƙwallo a ƙafa, ya taɓa ɓarar da bugun daga kai sai mai tsaron gida, an taɓa kama shi da satar gida ya rantse bai yi ba. Shi ya sa yake gardama da alƙalin wasa kamar da shi aka rubuta dokar, yake kuma gyara wa mai horarwa jerin 'yan wasa, a ci gaba da musun a teburin mai shayi har washegari. Kafin talabijin ta yawaita ma, ta rediyo aka riƙa bin wasa, kuma sharhin rediyo ba ya amfanar wanda ba shi da hoton fili a kansa. Waɗanda suka kasa kunne lokacin da Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, ko lokacin da Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a Legas a 1980, da idon zuci suka kalla, idon da filin firamare ya ba su.

Wani zai ce duk wannan dogon zance ne, Ingila ce ta mallake mu ba Amurka ba, shi ke nan. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai ba. Turawan Ingila ba tamaula kaɗai suka kawo ba, kuma ba ita suka fi fifitawa a makarantun 'ya'yan sarakuna ba. A Kwalejin Katsina an koyar da kurket da wasan Fives na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuma ya rungumi ƙwallon dawaki, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kai. Duka suna nan da ransu, amma a hannun tsiraru, domin ɗaya na son bango na musamman, ɗaya na son kaya, ɗaya na son barga. Ta ɗaya ɓangaren, ƙwallon kwando ɗan Amurka ne tsantsa, ba wanda ya yi mana mulki da shi, amma ya sami gindin zama a Kano da Zariya saboda ƙarfe ɗaya da daɓen siminti sun isa a fara. Ba kuma rashin jiki ne ya hana ƙwallon Amurka samun gindin zama a nan ba. Christian Okoye ɗan Inugu ya je Amurka a matsayin ɗan wasan jifa, bai taɓa ƙwallonsu ba sai da ya haura shekara 20, amma a 1989 ya fi kowa cin tazara da gudu a NFL. 'Yan asalin Najeriya sun cika gasar tun daga lokacin, sai dai a can suka koya, don haka ba su bar 'yan kallo a baya ba.

Wani kuma zai ce tauraron ɗan'adam ne ya yi aikin. Lallai DStv da ta fara a 1995, da komawar Kanu Arsenal a 1999 da Mikel Chelsea a 2006, su suka raba matasan Arewa gida gida, suka kuma haifar da sana'ar gidan kallo: rumfar kwano, benci, talabijin biyu ko uku, janareta, allon alli a ƙofa da jerin wasannin yau. Lissafin sana'ar ma na tare da tamaula. Wasa awa biyu ne har da hutun rabin lokaci, wanda ya isa a fita a yi salla, mai gida ya san man da zai ƙona ya san sau nawa zai karɓi kuɗin shiga a ranar Asabar. Tsaye-tsayen ƙwallon Amurka kuɗi ne ga gidan talabijin na can da ke sayar da talla a cikinsu, ga mai janareta a Gwaram kuwa asarar fetur ce. Agogon Ingila ya yi daidai da namu ko ya bambanta da awa ɗaya, alhali wasan ƙarshe na Super Bowl sai sha biyu da rabi na dare yake farawa a nan. Duk da haka lokaci ba shi ne tushe ba, domin wasannin NFL na ranar Lahadi da ƙarfe shida ko bakwai na yamma suke farawa a agogonmu, kuma an ga yadda mutane ke hana idonsu barci in gasar duniya ta faɗo a nahiyar Amurka. Tauraro ya zo ya tarar da masu kallo ne a shirye. Shekara 42 ke tsakanin kofin Kano na 1953 da zuwansa.

Suka mafi nauyi ita ce ta cikin gida. In yin wasa ne ke haifar da kallonsa, me ya sa matashin Birnin Kudu ya san 'yan benci na Barcelona amma bai san wanda ke tsaron ragar Jigawa Golden Stars ba? Kuma ai ba kowa ne ɗan dambe ba, amma kowa na kallo. Ta biyun mai sauƙi ce: ba yaron da ya tashi a dandali bai yi kokawa ko ya dunƙule hannu ba, kuma faɗuwa ƙasa ba ta bukatar mai fassara, saɓanin wasan da rabin dabararsa ke cikin littafin mai horarwa. Ta farkon ce ke da ciwo. Yin wasa na koya wa mutum gane gwaninta, ba ya ɗaure shi ga kulob ɗin jiharsu, kuma wanda ya gane gwaninta zai bi ta inda aka fi nuna ta da kyau a kan lokaci. Inda aka sami kulob mai ci, jama'a ba su guje shi ba: Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, filin Sani Abacha na Ƙofar Mata yana cika maƙil, har Ahmed Musa ya dawo ya sa rigarta a 2021 bayan ya ci ƙwallo huɗu a gasar duniya. Kudancin Jigawa bai taɓa samun irin wannan a kusa ba, sai gasar unguwanni da ta ƙauyuka, kuma ko su in an kai wasan ƙarshe ba a rasa jama'a a bakin fili.

Masu NFL da kansu sun karanta wannan tarihin. Tun 2022, lokacin da suka buɗe sansanin horo a Gana tare da Osi Umenyiora, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Najeriya ya kuma ci Super Bowl sau biyu, ba tallar kallo kaɗai suke yi a Afirka ba. Suna tura wani sassauƙan nau'in wasan ne, na mutum biyar biyar, wanda ba hula ba karo, sai dai a fizge ƙyallen da ke ɗaure a ƙugun mai ƙwallo, kuma an riga an sa shi cikin wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles. Nufinsu yara su fara yi kafin a nemi manya su kalla, kuma nan gaba kaɗan za a ga ko shirin zai tsaya a makarantun kuɗi na Legas da Abuja ko zai kai firamaren gwamnati a Fagam, inda ƙwallo ɗaya ke hannun hedimasta kuma aji shida ke jiran ta.